Fim ɗin da Ruwa Ya Katse

A gidanmu na unguwar Birni, cikin Damagaram, ba a zaman tatsuniya sai an ɗauke kuran. Muddin akwai wuta, duk muna gidan maƙwabci gaban tele. Amma da unguwa ta yi duhu bayan magariba, sai mu dawo ɗaya bayan ɗaya mu kewaye murhun Kaka, mahaifiyar babanmu. Lokacin sanyi ba ta barin garwashin tuwo ya mutu. Takan tura gyaɗa mai ɓawo cikin toka, ta riƙa juya ta da tsinke, wanda ya yi haƙuri ya samu gasassa, mai gaggawa ya ƙona yatsa. Ni wurina kusa da kafaɗarta ne. Ba ni da yawan magana, ita kuwa ta san haka, shi ya sa take tsokanata da maigida.

Sau da yawa gardama ce ke fara zaman, kuma gardamar ɗaya ce: wane fim ne ya fi kowane a duniya. Yayana Habu ba ya sauka daga na 'yan Sin, musamman wani da mutum guda ya kori gari da benci. Yayata Rakiya takan yatsina fuska ta ce, "Kai dai ba ka san komai ba sai naushi. Fim in bai sa mutum kuka ba, ai ɓata kuran ne." Kawu Ila tela, in ya shigo shan shayi, sai ya raina su duka.

"Ku yara ne. Ba ku ga kaboyi ba. Mutum ya hau doki, ya yi shiru rabin fim, ranar da ya buɗe baki sai an yi gawa."

Kaka takan bar su su gaji, sannan ta buga tsinkenta a bakin murhu.

"Fim ɗaya ne a duniya, ni kuwa na gan shi."

"Kaka, fim nawa kika taɓa gani?" in ji Habu, ko da yake ya san amsar.

"Ɗaya. Shi ma rabi."

"To ta ina kika san ya fi sauran?"

"Kai da ka ga dubu, ɗan nema, wanne ne ya bi ka har furfura?"

Daga nan sai ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan tafe, jiƙe sharkaf." Mu kuwa mu amsa, "Ta shigo ta ji ɗumi."

Tana yarinya, in ji ta, aka kawo ta gari daga Zermu wurin goggonta, tana tallar gyaɗa a ƙofar silima. Silimar ba ta da rufi, katanga ce doguwa da benci a ciki. 'Yan mata ba sa shiga, sai dai su ji kiɗa da ihun maza ta saman katanga. Wata rana da damina mai gadin ƙofa ya ce ta leƙa ta sayar wa na ciki. Ta shiga da farantinta a ka, ta ɗaga ido, sai ta ga ruwa. Ita da ta tashi tana bin layin rijiya, wadda babban ruwan da ta sani shi ne tafkin da ake yin tubali, ga kogi shimfiɗe a jikin bango, ba a hango ƙarshensa. Ta manta da talla. Mutane suna ɗibar gyaɗa a kanta ba ta ma sani ba.

Fim ɗin na Indiya ne, ba ta jin ko kalma ɗaya, don haka ita ta raɗa wa kowa suna. Akwai wata yarinya da ta kira Ladi, wadda ta raini wani jan maraƙi tun da uwarsa ta mutu, har ta ɗaura masa ƙararrawa a wuya. Uban Ladi ya sayar da shi ga wani mutum a tsallaken kogi. Maraƙin ya tsinke igiya, ya faɗa ruwa, ya iyo ya dawo gida. Aka mayar da shi, ya sake dawowa. Ana nan kogi ya cika ya batse, Ladi ta jiyo ƙararrawa a tsakiyar ruwa. Ta kwance kwalekwalen wani, ita da ba ta iya tuƙi ba, ta nufe shi. Ta kai, ta kamo shi ta wuya, sai sandar tuƙin ta suɓuce, ruwa ya ja su.

"Ina kallon ruwan nan yana juya su," in ji Kaka, "sai na ji ɗigo a goshina. Wallahi na ɗauka kogin ne ya fashe daga bango. Na ƙwala ihu."

Hadari ne ya sauko. Aka kashe na'ura, maza suka watse da benci a ka. Washegari aka ce an wuce da fim ɗin Maraɗi. Ba ta ƙara shiga silima ba.

Nan ne ainihin tatsuniyar take farawa, domin Kaka ba ta taɓa ƙarasa ta iri ɗaya ba. Wata rana maraƙin ne zai kama igiyar kwalekwale da haƙori ya ja Ladi zuwa gaɓa. Wata rana wani tsohon masunci ne zai jefa musu taru. Ranar da muka ɓata mata rai kuwa, sai ta ce, "Sun nutse. Ku tashi ku kwanta," mu yi ta magiya har ta tsamo su. Wani lokaci takan ba mu aron ƙarshen. Habu ya sako kada don a yi faɗa, Rakiya ta kawo ɗan sarki cikin jirgin zinariya. Ni ban taɓa karɓa ba. Tambaya nake yi.

"Kaka, amma a gaskiya me ya faru?"

"Maigida, da na sani, ai da na huta."

Da dariya ta faɗa, amma na ga yadda ta tsaya da juya gyaɗa. Ranar na gane ba wasa take ba. Tun tana yarinya ta bar wata yarinya a tsakiyar ruwa, kuma har yau ba ta san ko ta fita ba. Na ƙudurta a raina zan nemo mata.

Na daɗe ina nema. Ina lise, wato sakandare, nakan tsaya wurin masu kaset a kasuwa, in yi ta jujjuya kwalaye, kunya ta hana ni tambaya. Da na shiga jami'a na samu salula, na kalli tsofaffin finafinan Indiya masu kogi har na fara jin yaren kaɗan. Ban ga jan maraƙi ba. A lokacin kuma yanar ido ta fara rufe idon Kaka, har ba ta gane mu sai mun yi magana. Na ga in ban yi sauri ba, ko na samo ba za ta gani ba. Wani tsoron kuma yana ƙasan wannan: ranar da ta ga ƙarshen gaskiya, me za ta riƙa ba ƙannenmu a bakin murhu?

Kawu Ila ne ya kai ni wurin wani abokinsa, dattijo mai gyaran rediyo a Zango, wanda a samartakarsa ba ya fashin silima. Na ba shi labarin tiryan-tiryan. Ya saurara yana sosa gemu, sannan ya kwashe da dariya.

"Ɗana, jan maraƙi a ina? A shekarun da kake faɗa, fim baƙi da fari ne. Kai masu kala kake ta bi?"

Ni da nake ganin ba abin da ke wuce ni, ban taɓa tunanin wannan ba. Dattijon ya tuna fim mai maraƙi da ƙararrawa, ya ce ma ba wani shahararre ba ne, irin wanda ake sakawa ne in babban fim bai iso ba. Bayan 'yan makonni ɗansa ya samo mini shi.

Ban kalla ni kaɗai ba, ko da yake raina ya so. Wata Juma'a da la'asar muka sa shi a telen Habu, muka jawo wa Kaka kujera har gwiwarta na taɓa tebur. Hoton ya dusashe, yana rawa. Ashe fim ɗin ma ba na Ladi ba ne, rigimar gona ce tsakanin wasu maza biyu, yarinyar sai jefi-jefi take fitowa. Na fara tunanin dattijon ya yi kuskure. Sai ƙararrawa ta kaɗa. Kaka ta miƙa hannu ta taɓa gilashin.

"Ga shi nan. Ga jan maraƙina."

"Kaka, toka-toka ne fa," in ji Habu.

"Idonka ne toka-toka."

Kogi ya cika, sanda ta suɓuce. Kaka ta damƙe hannuna har na ji zafi. Kwalekwalen ya yi ta juyi, ya je ya maƙale a rassan wata bishiya da ta faɗi. Mutanen ƙauye suka jefa igiya suka jawo su. Shi ke nan, ko waƙa ba a yi ba. Fim ya koma kan masu gona, aka yi shari'a, aka yi biki, aka rubuta ƙarshe.

Kaka ta share ido da bakin mayafi.

"Alhamdu lillahi. Ashe ta fita." Ta sake maimaitawa a hankali, kamar mai ba wani labari. Can sai ta ɗago. "To maraƙin fa? An bar mata shi, ko an mayar wa mai saye?"

"Ba su nuna ba, Kaka," na ce.

"Ba su nuna ba? Duk wannan wahala da dabba ta sha?" Ta tafa hannu. "Kai, mutanen nan ba su iya ƙarasa labari ba."

Rakiya ta ce, "To yanzu har yanzu shi ne ya fi kowane?"

"Rabin farko dai ba a yi kamarsa ba. Na biyun, sun yi ƙoƙari."

Bayan kwana kaɗan aka ɗauke kuran, ƙannenmu suka taru. Ina daga gefe, ina jiran in ji ko na kashe mata tatsuniya. Ta fara kamar kullum, ta kai su tsakiyar kogi, ta maƙale kwalekwalen a bishiya yadda ta gani, aka jawo Ladi. Sannan ta tura gyaɗa cikin toka ta ce, "To, sai ga mai saye ya iso da igiyarsa. Wa zai gaya mini yadda aka yi?"

Yanzu Kaka ta rasu. A jami'a nakan zauna cikin masu irin gardamar gidanmu, sai dai su da manyan kalmomi suke yi, suna maganar haske da yadda aka ɗauki hoto. Ina jin daɗin sauraro, ina kuma koyo. Amma in aka ce in faɗi nawa, sai in tuna wani fim da ko masu silima ba su ɗauke shi da daraja ba, wanda ya sa wata 'yar talla ta ga ja a cikin baƙi da fari, ta kuma damu da wata baƙuwar yarinya har tsufanta. Ban san ma'aunin da ya wuce wannan ba.

A wancan daren dai, kafin yaran su buɗe baki, ni ne na amsa. Karo na farko ke nan da na karɓi aron ƙarshe. Na ce an bar wa Ladi maraƙinta. Kaka ta laluba cikin toka, ta zaɓo gyaɗar da ta fi gasuwa, ta sa mini a hannu.

"Sai yau ka yi magana, maigida. Ci gaba, da me aka biya mai saye?"