Yadda Kafso Ya Raba Ni da Kiran Salla

A lokacin ni ne ladanin masallacin ƙauyenmu, can gefen Bagwai. Matata ta rasu, 'ya'ya sun watse neman abinci, abin da ya rage mini sai gona da muryata. Ga ni da taurin kai, wannan ba zan ɓoye ba.

Wata damina cikina ya ɓaci. Maimakon asibiti, sai na sayo kafso mai ja da rawaya wajen mai talla a kasuwar Ɗanbatta. In ɓare biyu, in zazzage a koko, in shanye. Da na ji sauƙi sai na mai da shi kamar goro, ko ƙugi cikin ya yi sai kafso. Bayan 'yan watanni gudawa ta zauna mini daram. Na ƙara yawan kafson, na haramta wa kaina nono don an ce yana tsinka ciki. Ƙanwata ta kawo mini kindirmo, na mayar mata da ƙwaryarta har da faɗa.

Alwala ta daina zama a jikina. Ran nan ina tsakiyar kiran la'asar na yanke, na ruga bayi, ban sake komawa masallacin ba. Kunya ta hana ni gaya wa kowa dalili. Na daina fita cin tuwo da maza a ƙofar gida, su kuma suka zaci fushi nake, suka ƙyale ni. Kaka guda na yi a ɗaki, daga ni sai buta. Wallahi kaɗaicin ya fi ciwon cin raina.

Ƙanwar tawa ce ta ja ni asibiti da ƙarfin tsiya. Bayan gwaji likita ta ce a hanjin kowa akwai ƙananan halittu masu amfani da ke taya narka abinci, kafson ya kashe su tare da masu cutar. Ta hana ni shan sa, ta rubuta mini magani mai ɗauke da irinsu masu rai, ta ce in riƙa shan kindirmon madarar da aka tafasa. Wato abin da na kora daga ƙofata.

Na warke, alhamdu lillahi, amma an riga an naɗa wani ladanin, kuma ban ga laifinsu ba. Jama'a, kada ku sha kafso ba da izinin likita ba, kada kuma kunya ta sa ku ɓoye ciwo. Yau sau biyar nake jin kiran salla daga bakin wani, ina amsawa a hankali daga sahun baya.