Kusurwar da Ban Zuba wa Ruwa Ba

Ranar wata Laraba ce cikin watan Agusta, shekarar da na gama aji huɗu, Alhaji Isa mai hatsi ya yi sallama a gidanmu da ke bayan kasuwar Dembe, ƙafafunsa duk taɓo har ƙauri. Ruwa ya ɗauke ke nan, indararo na ta ɗiga cikin baho. Bai zauna a tabarmar da aka shimfiɗa masa ba. Ya tsuguna gaban kakana ya buɗe tafin hannunsa, sai ga gero jiƙaƙƙe ya dunƙule har ya fara tsami. "Baba Para," ya ce da ƙaramar murya, "tamfol ɗin nan ya yi yoyo ta kusurwa guda." Ina gindin murhu ina fifita wa kakata Inna wuta, sai na ji maficin ya yi mini nauyi. Na san kusurwar, kuma duk gidan ni kaɗai na san abin da ya same ta.

Sunan kakana Sule, amma daga Dembe har Babbar Kasuwa ba wanda ya san shi da wannan suna. Iyayensa mahajjata ne da suka taso daga ƙasar Katsina a ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a bakin kogin Shari, suka yada zango kafin a ga abin da Allah zai yi. Ga mu nan har jikokin jikoki muna kan zangon. Shi kuwa yana saurayi ya shiga soja, aka zaɓe shi cikin sojan laima da ake ce wa para, waɗanda ake ɗauka a jirgin sama a buɗe musu ƙofa su faɗo. Ya yi yaƙi a hamadar arewa. Ba ya son labarin harbe-harbe. In mun matsa masa sai ya ce yaƙi ƙishirwa ce da jira, sauran kuma ba na kunnen yara ba ne. Amma in aka zo kan tsalle, to, sai shayinsa ya huce bai sani ba. Zai gaya mana yadda iska ke cika wa mutum baki, da yadda laima ke fizgar kafaɗu in ta buɗe, da shirun da ke biyo baya, har kana jin abokinka can nesa yana salati. Wata rana ya dira kan dutse, gwiwarsa ta hagu ta tafi. Daga nan aka mai da shi ɗakin da ake naɗe laimomi.

A wannan ɗaki ya koyi abin da ya riƙe har ya bar duniya. Ya ce babbansu yakan shigo ba sanarwa, ya nuna kowace laima ya ga dama a kan kanta, ya nemi wanda ya naɗe ta, ya ce masa ya goya ta ya shiga jirgi. "Wanda ya naɗe, shi ke fara dira," in ji Baba Para. Da ya bar soja sai ya sayi keken ɗinki mai ƙafa da basilla, ya kama ɗinkin tamfol na 'yan hatsi da masu motocin kaya. Bai taɓa miƙa wa mutum tamfol ba sai ya gwada shi da kansa. Za a ɗaure shi a tsakar gida, tsakanin katanga da sanduna, ya ɗauki kujerarsa ya shiga ƙarƙashi da farar riga, mu jikoki mu hau sama da bokitai mu bi kowane ɗinki muna zuba ruwa. In ɗigo ɗaya ya taɓa rigar nan, sai a kwance, a sake. Inna takan ce bai taɓa zubar da ruwan rijiya haka ba sai da ya samu bayi kyauta.

Ni ce 'yar gaban goshinsa. "Amaryata" yake kirana, ni kuma in ce ba na auren tsoho mai ɗingishi, ya kai mini duka da hularsa ya kuskure da gangan. Ni ke goga kakin zuma a zare, ni ke share masa wurin aiki kafin in tafi makaranta, kuma a ranar gwaji ni ke da kusurwar da ta fi wuya, ta wajen garken awaki, inda sai an zagaya an taka turmi kafin a kai. Ranar da aka gwada tamfol ɗin Alhaji Isa, ƙawata Zenaba tana ƙofar gida tana ta kirana, an zana 'yar gala-gala, kuma jiya-jiya ta cinye ni. Na ɗauki bokitina na zagaya, na ga turmin duk kashin awaki, na ji ƙyuya. Wana Habu yana ta kwarara nasa ruwan ta ɗaya gefen, ƙara ta cika gidan. Sai na juye nawa a ƙasa bayan katanga na ce, "Na zuba, Baba!" Ya amsa daga ciki, "Kalas, shi ke nan, ya riƙe, a sauke shi." Na ruga waje, kuma ban ma ci wasan ba.

Bayan tafiyar Alhaji Isa, Baba Para ya aika aka ɗauko tamfol ɗin. Matan gidanmu suka tafi da tabarmi suka taya shanya geron, aka ceci abin da aka iya ceta. Shi kuwa ya shimfiɗa tamfol a tsakar gida, ya bi ɗinkin da yatsa har ya kai kusurwar, ya tarar allura ta tsallake wuri kamar tsawon ɗan yatsa. Ya daɗe yana kallon wurin. Bai yi faɗa ba, bai tambayi kowa komai ba. Ya ce wa Inna idonsa bai ga tsallaken ba, jikinsa kuma bai ji ɗigon ba, to mutumin da ya kai haka bai isa a ba shi amanar abincin mutane ba. Ya rufe keken da tsohon zane, ya sa basilla cikin gwangwani.

Mako uku ya yi a dakalin ƙofar gida. Masu motoci suna zuwa da aiki yana tura su wajen wani maɗinki a unguwar Kelemat. Ya daina tsokanata. Abinci ma sai Inna ta tsaya a kansa. Ni kuwa na kasa faɗa masa gaskiya. Ba duka nake tsoro ba, don bai taɓa dukana ba. Tsorona kada ya dube ni yadda ya dubi wurin nan da allura ta tsallake. Kullum na ce gobe zan faɗa, in goben ta zo sai in ce ai gara jibi.

Wata safiya ina shara sai ga mai amalanke a ƙofar gida. Ashe Baba Para ya ba wa maɗinkin nan na Kelemat keken kyauta. Habu da mai amalanken suka kama suka ɗora, aka fara ɗaure shi da igiya. Ban san lokacin da na yar da tsintsiya na je na riƙe ƙafar keken ba. Kuka ya riga maganar fita, amma na faɗe ta duka, a gaban Inna, a gaban baƙo: ban zuba ba, a ƙasa na juye, ƙarya na yi. Baba Para ya dube ni. Ya ce, "Ashe ba ruwan da ya sauka?" Na ce babu. Ya shafa fuskarsa, ya juya wajen mai amalanke. "Ɗan'uwa, yi haƙuri, sauke mini kayana."

A ranar ya gyara kusurwar, aka ɗaure tamfol. Sai ya miƙo mini kujerarsa ya ce in shiga. Na zauna ni kaɗai a ƙarƙashi, ina jin yana jan ƙafarsa ya zagaya ta wajen awaki, Inna na yi masa magiya kada ya hau turmi da wannan gwiwa. Ya hau. Ruwa ya dinga sauka kan tamfol ɗin saman kaina kamar ana kaɗa ganga, na ƙura wa ɗinkin ido har ya gama, ko ɗigo bai shigo ba. Na fito da murna ina cewa ya riƙe, sai ji na yi ya sheƙa mini sauran bokitin tun daga ka har ƙafa. "Wannan na geron Alhaji ne, amarya!" Ya yi dariya har da tari, irin wadda gidan ya yi mako uku bai ji ba. Da yamma kuma ya kama hannuna muka je kasuwa, na maimaita wa Alhaji Isa abin da na faɗa da bakina.

Yanzu an zuba siminti a tsakar gidan, awaki sun daɗe da tafiya. In na ratsa Dembe sai in ga leda shuɗiya a kan buhuna, wadda ke yin damina ɗaya ta yage a jefar, ba mai neman wanda ya yi ta. 'Ya'yana sun san kakan uwarsu a hoto ne kawai, yana saurayi da jar hula. Ni kuwa tsohon nan nake kewa, mai ƙanshin kakin zuma a hannu. Idonsa ya dushe daga baya da gaske, amma kafin nan ya ƙara shekara shida yana ɗinki, yana tafiya kasuwa kansa a ɗage. Da na bar amalanken nan ya wuce, da bai samu ko ɗaya daga cikin shekarun nan ba.