Ranar da Inna ta share mana hujja

Shekarun baya can, muna zaune a wani gida a cikin Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarabawa, bayan katangarmu akwai masu fasa tsofaffin batiran mota suna narka dalma. Kullum wani baƙin gari ne kwance a kan tagoginmu. 'Yata tana rarrafe a lokacin, komai ta tsinta sai baki. Ta fara rama, ga ciwon ciki, ga kuka ba dalili.

Na yi wa mai wajen magana, ya ce, "Malam, kawo hujja." Sai abokina ya haɗa ni da wata malamar jami'a, Bayarabiya, mai auna guba a ƙurar gidaje. Ta ce za ta zo, kuma idan ta samu dalma za ta rubuta a kai wa hukuma. Sharaɗinta ɗaya: kada a yi shara kafin zuwanta.

Na zaunar da mahaifiyata na yi ta zuba bayani kamar wani likita, ni da ko sakandare ban gama ba. Ta ce, "To, na ji." Na tafi tashar Ojoo aikina na sauke kaya hankalina kwance.

Ina dawowa na tarar an wanke gidan tas. Tabarmi a kan igiya, tagogi na ƙyalli, har saman kabad an goge. Na ce, "Inna, me kika yi?"

Ta ce, "Haba! Baƙuwa guda daga jami'a ta zo ta tarar da datti? A je a ce matan Hausawa ƙazamai ne? Ba dai a gidana ba."

Malamar ta zo da burushinta da 'yan ledoji, ta yi ta laluben kusurwoyi. Ɗan abin da ta samu bai isa awo ba. Ta ce, "Mama, gidanki fes." Aikin bincikenta ya ƙare a makon, ba ta sake dawowa ba. Mai batir ya ƙara shekaru a wajen, mu ne muka tashi.

Yau 'yata ta girma, amma karatu ba ya zama a kanta. Likita ya ce dalma ce. Wallahi har yanzu abin yana ci na a rai, kuma na rasa wanda zan yi wa faɗa. Ita Inna kuwa, duk baƙon da ya zo sai ta ba shi labari da alfahari: 'yar jami'a ma ta nemi ƙura a gidanta ta rasa.