Ɗigon Sahabi a Kan Taswira

Sahabi taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ina da iko, kuma kada wani ya taya ni. Gidajenmu na jingine da juna a unguwar Gidan Igwai. Mu gidan fawa ne kaka da kakanni. Ni har gobe da wuƙata nake ci, amma shi tun muna yara in an kayar da sa sai ya juya baya yana toshe hanci. Ya yi boko, ya ƙare a sito na wata makarantar sakandare, yana ba da alli da tsintsiya har ya yi ritaya. A siton nan ya haɗu da jarabar da ta biyo shi gida: wasu matattun kwamfutoci da aka jibge a lungu, ba mai waiwayarsu. Ya dinga kwance su yana ɗaurewa, har ran nan ɗaya ta yi tari ta kawo haske. Tun daga ranar muka rasa Sahabi.

In ka shiga shagon da ke zaurensa, sai ka yi bismilla kafin ka sa ƙafa. Wayoyi ne ko'ina, da allunan cikin kwamfuta a cikin kwanon sha, da ƙananan kusoshi a murfin kwalba. Bai taɓa gyara wa kowa komai don a biya shi ba. Shi dai ya ga abu ya tashi. Kuma abin haushi, ba su san alherinsa ba. Yau kiyashi sun yi gida a cikin ɗaya. Gobe an ɗauke wuta yana tsakiyar aiki. Jibi manhaja ta sabunta kanta ba da izininsa ba, ta wayi gari ba ta san shi ba, tana tambayarsa kalmar sirrin da ya manta. Na sha iske shi da bazara ya tuɓe riga, gumi na zuba, yana yi wa kwamfuta fifita da mafici, shi kuwa ko oho.

"Kai Sahabi," in ce, "ko amarya ba a yi wa wanga gata."

"Tahi ka yanka akuyarka," in ji shi, ko ɗago kai ba ya yi.

Da ya yi ritaya sai abin ya koma kan yanayi. Ya samo wata 'yar kwamfuta da ba ta fi tafin hannu ba, ya haɗa mata ma'aunin zafi, da batirin babur, da ɗan faifan sola. Ya kwashe wa matarsa Balaraba fararen farantan roba, ya huda su, ya jera su a kife wani bisa wani don su yi wa ma'aunin inuwa iska kuma ta ratsa. Balaraba ta yi faɗa har ta gaji. Ya kafa abin a kan sanda a saman soro, kamar wata doguwar hula. Akwai wani shafi a intanet inda masu irin wannan sha'awa daga ko'ina a duniya suke aika abin da na'urorinsu suka auna, kowa da ɗigonsa a kan taswira. Ran da ya haɗa tasa, ya kira ni da gudu, ko hannu ban wanke ba. Ya nuna mini ƙasashen Turawa, ɗigo kamar an watsa gero. Ya gangaro wajenmu, fayau, ba komai, sai kore guda ɗaya tilo.

"Ka gane shi? Sakkwato ke nan. Gidanga ke nan."

Na yi masa dariya, na ce ni fatar bayana ta ishe ni sanin ana zafi. Amma wallahi abin ya burge ni, ban dai gaya masa ba.

Abin da ya sa ɗigon nan ya wuce wasa shi ne Karimatu. Ita ce 'yarsa ta fari, tana aure a Jos. Kun san yadda muke da ɗan fari. Sahabi bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "yarinyar nan". Bai taɓa zama ya yi hira da ita ba, in ta gaishe shi ya amsa yana kallon bango. Da aka kai ta Jos ko lambarta bai karɓa ba, ga shi kuwa na san duk cikin 'ya'yansa ita ce a ransa. To ita Karimatu sai ta sa shafin nan a wayarta. Kullum da safe ta duba, in ta kira uwarta ta ce, "Inna, na ga Baba ya tashi lahiya, ga shi nan kore." Balaraba ta maimaita da ƙarfi don na zaure ya ji. Shi kuma ya yi gyaran murya, ya ci gaba da murɗa kusa kamar bai ji ba. Duk hirar da ke tsakanin uba da 'ya ke nan, kuma ta ishe su. Saboda haka ko data ta ƙare wa kowa a gidan, ba ta ƙare wa na'urar soro.

Aka yi damina, aka yi sanyi, lafiya lau. Sai bazarar bana ta shigo, irin wadda ko tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinta ba, ga azumi a baki. Naman da na rataye da hantsi, kafin azahar ya fara sauya launi. Kwalta na kama takalmi. Masu keke napep suna ɗaure tsumma a hannu kafin su taɓa ƙarfe. Ran nan da rana tsaka ɗigon Sahabi ya koma ruwan toka.

Ya zaci waya ce ta tsinke. Ya hau soro, ya sauko, ya sake hawa. Komai na aiki. Sai ga saƙo daga shafin, wai abin da na'urarsa ke aikawa ya yi nisa da na maƙwabtansa, alamar ma'aunin ya lalace, an daina nuna shi sai ya gyara.

"Waɗanne maƙwabta?" na tambaye shi. "Ni na maƙwabcinka, kuma ba wanda yat tambaye ni."

Ya ja taswirar ya nuna mini. Ɗigon da ya fi kusa da nasa yana can wani gari mai duwatsu da itatuwa, tafiyar yini guda a mota, inda mutane ke lulluɓa da dare. Da shi ake gwada Sakkwato. Kai, jama'a!

Sahabi mutum ne mai zargin kansa kafin ya zargi wani. Ya ce wataƙila kwanon rufin maƙwabta ne ke huro wa ma'aunin zafi, ya ƙara wa sandar tsawo. Ya sayo sabon ma'auni. Ya ari na gwada zazzaɓi a kemis, ya ajiye su gefe da gefe a inuwa. Bakinsu ɗaya. Sai ya zauna ya rubuta musu bayani da Turancinsa na sito, tiryan-tiryan, da ladabi kamar mai neman aure. Kafin ya ɗauke hannu amsa ta zo: sun gode da ya tuntuɓe su, ya duba ko rana na dukan ma'auninsa. Ya ɗauki hoton farantan ya aika. Sun gode da ya tuntuɓe su, ya duba ko rana na dukan ma'auninsa. Ya nemi lambar waya, babu. Ya nemi sunan mutum guda, ko na mai gadi ne, babu. Akwai wani ɗan akwati a gefen shafin da ke cewa a tambaye shi komai. Sahabi ya yi masa sallama, ya gaya masa cewa shi haifaffen garin nan ne, zafin gaskiya ne, mutane na faɗuwa a kasuwa. Akwatin ya tambaye shi ko amsar ta gamsar da shi, ya zaɓi fuska mai murmushi ko mai ɗaure.

Ni dai da a ce mutum ne, da na san abin yi. Da na sa babbar riga na je har ƙofar gidansa, in ya ƙi ji in nemo wanda yake jin kunya. Amma wa za ka kai wa gaisuwa a nan? Na ce ya ba ni in zage su ko na huce, ya ce ba kowa a ciki, zagin ma ba mai karɓa. Ban taɓa jin takaici irin na ranar ba.

Da safe ɗigon kan dawo kore, don gari bai gama ɗaukar zafi ba, saboda haka Karimatu ba ta lura ba. Amma sai wani saƙon ya zo: na'urar da ta ci gaba da aiko da abin da ba daidai ba, za a cire ta gaba ɗaya, da ita da duk abin da ta taɓa aunawa, kuma ba a sake karɓar ta. Sahabi ya daina cin abin kirki in an sha ruwa. Kunu kawai yake kurɓa ya koma zaure.

Wata azahar ya sauko da na'urar don ya sake dubawa, ya jingine ta a gindin randar Balaraba, wadda take lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu don ruwa ya yi sanyi kafin magariba. Ya je ya yi salla ya dawo. Da ya duba waya, ga ɗigo kore shar, da rana tsaka, ashe sanyin buhun ya sauko da ma'aunin. Har da ɗan saƙo, wai sun gode da ya gyara ma'auninsa.

Ban so abin da ya biyo baya ba, amma ban hana shi ba, don ban san abin da zan ba shi a madadi ba. Ya mayar da na'urar soro, ya yafa mata buhu. Kullum rana ta take, sai ka ga dattijo da azumi a bakinsa yana hawa tsani da buta, yana shayar da buhu ruwan da shi ba shi da ikon kurɓa. Wannan fa mutumin da ya yi shekaru a sito ba a taɓa neman ko tsintsiya an rasa ba. In na tsokane shi ba ya ramawa, ni kuwa taubashin da ba ya ramawa ba ya yi mini daɗi. Sau ɗaya kawai ya ce, "Habibu, in na hwaɗi gaskiya su ce ƙarya nika yi. In na yi ƙarya su yi man godiya. Yaya zan yi?"

Karimatu na da ciki, na fari, ya tsufa. Al'ada ita ce ta dawo gida ta haihu a gaban uwarta, ta yi wankan jego. Mijinta Zaharaddeen ya yi ta jan ƙafa, don cikin ya zo mata da hawan jini, likita ya ce ta guji wahala da zafi. Balaraba ta riga ta share ɗaki, ta tanadi itace, tana ta addu'a ya yarda.

Ina tsakar gidan ran nan bayan la'asar, na kawo musu hanta, sai wayar Balaraba ta yi ƙara. Ta sa ta a bayyane yadda ta saba, don na zaure ya ji. Sai ga muryar Karimatu cike da murna.

"Inna, ya yarda! Kwana biyu yana duba na'urar Baba, ya ce ashe bana zahin da sauƙi, mutane ne ke ƙarawa. Ya ce in Baba ya auna to haka ne. Jibi za mu taso."

Balaraba ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa hantar ta kusa kuɓuce mini. Na waiwaya, ga Sahabi tsaye a bakin zaure da butarsa a hannu, ruwa na ɗiga a kan ƙafarsa. A daidai lokacin ko bangon gidan ba ka iya jingina da shi don zafi.

"Ce mata kar ta taho," in ji shi.

Balaraba ta rufe wayar da tafin hannu. "Malam, mi kaka cewa?"

"Ce ma yarinyar nan ta zauna inda take."

"In ce mata saboda mi?"

Na ga ya kalli wayar, na zaci yau zai karɓa ya yi mata magana da kansa. Har ya ɗaga hannu, sai ya mayar.

"Ce mata buhu na sa. Ce ma mijinta ya yahe man."

Ya ajiye butar ya hau tsani. Muna kallo ya yaye buhun ya jefo shi tsakar gida. Balaraba ta shige ɗaki da wayar, ina jin ta tana bayani tana share hanci. Ɗakin da ta share, a cikinsa ta zauna ta yi kukanta. Ni na rataye hantar a ƙusa na fita, ba wanda ya ce mini sannu.

Bai kashe na'urar ba. Ya bar ta tana faɗin abin da ta gani. Ɗigon ya yi ta komawa toka da rana, har ran da saƙon ƙarshe ya zo. Ya sake rubuta musu, suka gode da ya tuntuɓe su. Ya gwada buɗe sabon suna, shafin ya gane na'urar ya ƙi ta. Har yau tana can saman soro cikin farantan Balaraba, tana auna zafi, ba mai karɓa.

Washegarin ran da aka cire ɗigon, na shiga da sassafe in gaishe su. Sahabi na zaure, ya sa kwamfuta gaba bai kunna ba. Wayar Balaraba ta yi ƙara a tsakar gida, ta ɗauka, ta sa a bayyane don hannunta ya saba.

"Inna," in ji Karimatu, "na duba ban ga Baba ba."

Balaraba ta ce yana nan lafiya, ga shi can zaure. Karimatu na can tana jira. Sahabi ya yi gyaran murya da ƙarfi, har sau biyu, amma daga zaure zuwa tsakar gida da nisa, ban sani ba ko ta ji.