Tsagar Ɗakin Kaka

Har yau idan aka kwaɓa siminti kusa da ni, ƙamshinsa yakan mayar da ni gidanmu na Makera, in ga Baba tsugune da tsohon daro yana liƙe bango. Lahadi ce kaɗai ranar da masaƙa take sakinsa, ita ma gidan yake cinyewa.

Gidan ƙasa ne. Kakanmu ya gina shi da tubali tun kafin a haife ni, daga baya aka shafe shi da siminti. Ka san ƙasa da siminti ba sa zaman lafiya. Da rani ƙasa ta bushe ta tsuke, da damina ta sha danshi ta kumbura, shi kuwa siminti yana nan a sandare, dole ya tsage. Akwai tsage-tsage sirara kamar gashi, waɗannan Baba ko kallonsu ba ya yi. Akwai inda za ka ƙwanƙwasa ka ji kamar ganga, shafen ya rabu da bango, sai ya ɓamɓare ya sake sabo.

Ta ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba, daban ce. Daga kusurwar taga ta taso, ta karkace ta haura wajen rufi, samanta ya fi ƙasanta faɗi. Ta fito ne a shekarar da aka yi sabon gini a bayanmu, ruwan indararonsu ya koma kwanciya a gindin bangon. Baba ya liƙe ta da rani, damina ta buɗe ta. Ya sake liƙewa, ta sake buɗewa, har ƙyauren ɗakin ya fara cijewa sai an sa kafaɗa.

Baba ya san abin da ake ciki. Na ji yana gaya wa Mama cewa tushen ne yake nutsewa, gyaransa kuwa sai an rushe bangon. Amma lokacin ana ta rage ma'aikata a masaƙa, kullum yakan dawo da auduga a gashi, idanu jajir, bai san ko gobe shi za a sallama ba. Ita kuma Kaka a wannan ɗaki mijinta ya cika, kuma ta sha faɗa cewa daga nan za a ɗauke ta. Tsumma ta cusa a tsagar saboda ƙadangaru, ta rataya tabarma a kai.

A wata damina mai nauyi, maƙwabcinmu mutumin Filato, abokin aikin Baba, ya zagaya bayan gida neman kazarsa. Ya dawo babu kazar, ya ja Baba ya je ya gani. Bangon ya yi ciki ta waje. Baba ya daɗe a tsaye cikin taɓo, sannan ya shigo ya durƙusa a bakin gadon Kaka.

"Inna, ban taɓa ƙin maganarki ba. Yau dai ki yi mini haƙuri."

"Ubanka ne ya ɗora bangon nan da hannunsa," in ji ta.

"Na sani. Ba zan iya tono ki a ƙarƙashinsa ba."

Ta ɗauki carbinta da butarta ta koma ɗakin Mama. Washegari Baba da maƙwabcin suka tokare rufin da itace suka sa diga. Tubalan gindin sun jiƙe har suna narkewa a hannu. Kaka tana tsakar gida ta juya musu baya, tana tsintar wake.

Baba ya yi mata alkawarin zai tayar da shi da bulo idan ruwa ya ɗauke. Kafin ruwa ya ɗauke aka sallame shi. Ɗakin ya zauna da bango uku, Mama ta riƙa ɗaure awaki a ciki. A ɗakin Mama Kaka ta rasu, ba ta sake taka wannan kusurwa ba.

Yanzu an sayar da gidan, shaguna ne a wurin, masaƙun ma sun yi tsit. Na girmi Baba na wancan lokaci. Wani lokaci masu haya a tsofaffin gidajen Unguwar Mu'azu sukan nuna mini bango su tambaye ni ko abin tsoro ne. Nakan ce idan tsaga ta karkace, tana ƙara faɗi, ta dawo bayan an liƙe, ƙofa kuma ta fara cijewa, a kira magini. Sauran ba na faɗa. Baba ya gane tun daminar farko, shekarun da suka biyo baya duk bakin da zai gaya wa uwarsa yake nema.