Taku Goma Sha Biyu Gabas da Turke

Ban taɓa mantawa da ranar da aka ja igiya a gonar Baba Arzika ba. Shekarar ita ce wadda gulbin Rima ya yi babbar ambaliya, ya cinye ƙauyuka, ya yanke hanyar jami'a har mutane suka koma ƙetarawa cikin jirgi. Duk wanda yake Sakkwato a lokacin ba sai an tuna masa ba. Ku da kuka shigo aiki daga baya kun sha yaba hoton giginya da belbelu da ke rataye a ofishinmu, kuna tambayata ma'anar ɗan rubutun da ke ƙasansa. Tun da saura mini 'yan watanni in ajiye aiki, bari in gaya muku.

Ga wanda bai san aikin sashenmu ba, mu ne muke lura da yadda ƙasa take sauyawa: inda gulbi ya ci gaɓa, inda itatuwa suka ragu, inda yashi ya matso. An kafa turakun ƙarfe cikin siminti a wurare daban-daban, kowanne da lambarsa. Kowace shekara bayan kaka, mai hoto zai je ya kafa kyamara daidai bisa turke, ya fuskanci inda aka rubuta masa, ya ɗauka da hantsi, ya dawo ya shigar a rajista ya sa hannu. Dalili shi ne a ajiye hoton bana kusa da na bara a ga abin da ya sauya. In ka gusa daga turke, komai kyan abin da ka ɗauko, ka ɓata awon. A lokacin kyamarorinmu ba sa rubuta wurin da mutum ya tsaya kamar naku na yanzu. Shaida ɗaya ce, sa hannun mai hoto.

Ni a zauren mahaifina a Ƙofar Rini na koyi riƙe alƙalami, kuma har yau hannuna ya fi sakewa da ajami. Ban da rajistar ofis, ina da ɗan littafi a aljihu da nake rubuta abin da na gani: yanayin gajimare, inda iska take kaɗowa, irin tsuntsayen da suka sauka. Abokan aiki sukan ce Malam Buhari yana yi wa kyamara laya. Nakan yi murmushi in ci gaba da rubutuna.

Turke na bakwai yana bisa wani ɗan tudu a ƙetaren gulbi, a kan gonar Baba Arzika. Dattijo ne dogo, mara yawan magana, mai shinkafa da damina, mai albasa da rani. Shi ne yake ƙetarar da ni cikin jirginsa, ya riƙe mini lema don kada rana ta haske idon kyamara. Gabas da shi gonar wani ce, Labbo. Iyakar da ke tsakaninsu layin gamba ce, ta taso daga tudun, taku goma sha biyu gabas da turke, ta gangara miƙe har gindin wata giginya a bakin ruwa.

Kakar da ta gabaci ambaliyar, damina ta yi jinkirin ɗaukewa, don haka na iske ba a yanke gambar don zana ba. Tana tsaye da tozonta, rana ta bugo ta kamar an yayyafa mata zinariya. Belbelu sun cika giginyar fat. Na kafa kyamara bisa turke, na leƙa, sai na ga wani reshen bagaruwa ya tare mini rabin ruwan. Na ɗauki kayana na matsa gabas ina neman wuri, har na tsaya daidai kan layin gambar. A nan komai ya zauna. Gamba ta taso daga ƙarƙashin ƙafata ta ja ido har giginya, ruwa ya kwanta a baya kamar faranti. Na yi tasbihi a fili.

Baba Arzika ya biyo ni da lema. "Malam, yau ka bar turkenka?"

"Taku kaɗan ne, Baba."

"To. Ni na aza akuya ɗai ka barin turke."

Muka yi dariya. Na koma bisa turken na ɗauki wani, amma kafin nan belbelun sun tashi, hasken ya mutu. Da na dawo ofis na jera su biyu, sai zuciyata ta zaɓa mini. Na goge na turke, na miƙa mai kyaun, na rubuta a rajista: turke na bakwai, hantsi, na sa hannu. A littafina kuwa, da yake hannu ya saba da faɗin abin da ya faru, na rubuta cewa na gusa taku goma sha biyu gabas, na tsaya bisa gamba.

Darakta ya ga hoton ya sa aka faɗaɗa shi, aka sa masa gilashi. Duk baƙon da ya zo sai an nuna masa. A shekarar ne aka sa sunana cikin waɗanda za a ɗaga daga matakin albashi na takwas zuwa na tara.

Sai ruwa ya zo. Da ya janye, ya bar yashi ya shafe fadamar kamar an shimfiɗa tabarma. Babu gamba, babu kunyar noma, babu alamar da mutum zai ce nan ce tawa. Turken ya tsira don yana cikin siminti, giginyar ma ta tsira. Manoma suka fara jayayya, maigari ya aiko yana roƙon a taimaka masa da hotunanmu. Darakta ya ji daɗi ƙwarai, ya ce ga ranar da za a san amfanin sashenmu. Aka duba hotunan turke na bakwai na shekarun baya, duk an ɗauke su bayan an yanke gamba, iyakar ba ta fito ba. Nawa kaɗai ne ya nuna ta sarai.

Muka ƙetara da Darakta da hoton da rajista. Maigari da dattawa suka taru a kan tudun. Lissafin bai yi wa kowa wuya ba. A hoto, gamba ta taso daga inda mai hoto yake tsaye ta nufi giginya. A rajista, mai hoto yana tsaye bisa turke. To, sai a ɗaura igiya a turke a ja ta zuwa giginya, ita ce iyaka. Ni kaɗai na san cewa igiyar za ta yanke wa Baba Arzika faɗin taku goma sha biyu daga sama ta ba Labbo. Wurin kuwa shi ne mafi tudu a gonarsa, inda ruwa ba ya kwanciya, inda yake rainon irin albasarsa.

Ashe ba ni kaɗai ba ne. Baba Arzika ya matso ya dube ni. "Malam, rannan ba nan kat tsaya ba. Ina tare da kai, da lema ga hannuna."

Wani daga dangin Labbo ya ce, "Tsoho, bari masu takarda su yi aikinsu."

Darakta ya waiwayo. "Malam Buhari, me ka ce?"

Na tuna hoton da ke bango. Na tuna mataki na tara. Na ce, "Abin da ke cikin rajista ke nan, ranka ya daɗe."

Ku lura da yadda na zaɓi maganar. Ban ce a turke na tsaya ba. Na nemi kalmar da za ta ɓoye gaskiya ba tare da na furta ƙarya ba, irin dabarar da sai wanda ya yi karatu yake iyawa. Baba Arzika ya ce, "To, Allah na nan." Ya sunkuya ya kama bakin igiyar da hannunsa, ya taya su ɗaurewa.

Aka ɗaga ni zuwa mataki na tara. Kowace kaka kuma sai na koma turke na bakwai, Baba Arzika ne dai yake ƙetarar da ni. Bai taɓa sauya mini fuska ba. In muka hau tudun yakan buɗe lema ya ce, "Bana ina za mu tsaya?" Iyakarta ke nan. Na ga yana sayen irin albasa a hannun wasu, shi da a da ake zuwa nema wurinsa. Na ji 'ya'yansa da na Labbo sun daina gaisawa, har ba sa tsayawa sahu ɗaya a masallaci. Ni kuwa na san hukuncin mai ɓoye shaida, a zauren mahaifina na karanta shi, har na karantar da wasu. Nakan ce wa kaina badi zan gyara.

A shekara ta huɗu Allah ya ba ni kujerar aikin Hajji. Kun san al'adarmu, maniyyaci yakan zagaya dangi da maƙwabta da abokan hulɗa yana sallama, yana neman a yafe masa. Na zagaya Ƙofar Rini gida gida, na je wurin dangin mahaifiyata a Hubbare, kowa yana cewa ba ka yi mana komai ba, mu ma ka yafe mana. Daga ƙarshe na ƙetara gulbi. Na iske Baba Arzika yana gyaran komar kamun kifi a gindin mangwaro. Muka gaisa, na gaya masa tafiyata, ya yi mini addu'a mai tsawo. Sannan na faɗi abin da nake faɗa wa kowa.

"Baba, in akwai abin da na yi maka, da sani ko ba da sani ba, ka yafe mini."

Bai ɗaga kai daga komarsa ba. "Wane?"

"Duk abin da ya shiga tsakaninmu."

"A'a, Malam. Ka hi ni karatu. Mutum na zuwa kasuwa shi ce a ba shi duk abin da ke akwai? Hwaɗi sunan abin. In kah hwaɗi sunanshi gaban waɗanda anka yi shi gabansu, sai in ga ko ina iya yahewa."

Na tashi na yi masa sallama. Shi kuwa yana ta ƙulla zarensa.

Washegari na buɗe akwatin da nake tara littattafaina, na ciro na waccan shekarar, na shiga wurin Darakta. Na gaya masa komai. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Ka san wannan zai jawo maka takardar tuhuma?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Saura mako uku ka tashi. Ba za ka bari ka dawo ba?"

"Ba ni da tabbacin dawowa."

Ya juya littafin sama da ƙasa, ya ga ajami ne. "To wa zai karanta wannan rubutun naka?"

Na ce limamin ƙauyen zai karanta. Aka ba ni takardar tuhuma, na amsa ta a rubuce, aka sa a fayil ɗina. Ƙarin girman da ke gabana ya yi shekara biyu bai zo ba. Ban ce an zalunce ni ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, maigari ya sake tara mutane a kan tudun. Na miƙa wa liman littafin. Ya duba shafin da ke gaba da wanda ke baya, ya ga ranaku suna bin juna, tawada ta tsufa iri ɗaya. Sannan ya karanta da ƙarfi, har da belbelun da reshen bagaruwar. Rajistar boko an karanta musu ita ne sun gaskata. Wannan kuwa dattawa uku suka karɓa suka karanta da idonsu.

Labbo ya matso gaba. Ni ya fuskanta. "Malam, ni ban ƙwaci gonar kowa ba, igiya tab ba ni. Amma kai, shekara huɗu kana kallo ina ciyad da ɗiyana abin da ba nau ba?"

Wannan ban taɓa lissafa shi ba. Kullum ina ganin mutum ɗaya na cuta, ashe biyu ne. Na durƙusa na roƙe shi. Ya ce sai ya yi tunani. Can ya ce, "To takun wa za a ƙirga? Kak ku ba Arzika, doguwar ƙahwa garai, sai shi kai mu Wurno."

Mutane suka fashe da dariya, har 'ya'yan Baba Arzika. Aka ce wanda ya gusa shi zai taka. Na tsaya bisa turke na fuskanci gabas, jama'a suna ƙirgawa da baki ɗaya har goma sha biyu. Labbo ya roƙi a bari ya girbe dawar da ya shuka a wurin, Baba Arzika ya ce ya girbe. Kafin in bar ƙauyen, Labbo ya aiko a gaya mini ya yafe.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Muna cewa hoton ƙasa muke ɗauka, ba na mutane ba, har mukan jira manomi ya fita daga gaban kyamara. Amma babu wata ƙasa da za ku ɗauka wadda ba abincin wani ba ce. Kyamara tana nuna duk abin da ke gabanta, abu ɗaya ne ba ta nunawa, inda mai ita ya tsaya. Wannan amanarku ce. In haske ya ja ku kuka gusa, ku ɗauka, Allah ne ya yi kyan don a gani, amma ku rubuta cewa kun gusa. Shi ya sa na roƙi Darakta kada a sauke hoton, a dai rubuta a ƙasansa da boko da ajami: an ɗauka taku goma sha biyu gabas da turke.

A ranar dai, da jama'a suka fara watsewa, Baba Arzika ya je bakin hanya ya tono gindin gamba da ƙasarta. Ya kawo daidai inda sawuna na goma sha biyu yake, ya dasa, ya danne da dunduniya. Sannan ya karkaɗe hannu ya dube ni.

"To, Malam. Mi kac ce rannan gindin mangwaro?"

Na ce, "Baba, na gusa daga turke, na ɓoye, na sa ka rasa gonarka shekara huɗu. Ka yafe mini."

"Na yahe, duniya da lahira," in ji shi. "Tai ka yi Hajjinka. In Allah ya maido ka, ga lema nan, ga turke nan."