Ranar da Hotunan Shanun Zakka Suka Ƙi Fitowa

Tun yana ɗan mitsitsi a ƙauyen Zakka, Zaharaddeen ɗan Gwaggo Hansai ba ya iya ganin maɓalli ya wuce bai danna ba. Rediyon kakanmu ya fara kwancewa, da ya mayar da shi ya daina kama kowace tasha sai ta Sinawa. Agogon masallaci kuwa sau ɗaya ya taɓa shi, aka yi wata guda ladan yana kiran la'asar da hantsi.

Da ya girma sai ya buɗe shago a Safana, yana buga takardu da fotokwafi da hoton fasfo. Kwamfutarsa ma ba irin ta mutane ba ce. Wata manhaja ya ɗora mata wai ita Linuks, wadda in ka yi kuskuren tambayarsa a kanta, to ka yi sallama da abincin rana.

Amma akwai abu ɗaya da ya yi na hankali. Da satar shanu ta yi ƙamari, shi ya bi ƙauyen garke-garke yana ɗaukar kowace dabba hoto tare da mai ita, ƙaho da tabo da komai, don in an ƙwato a sami shaida. Dattawa sun yarda ne bisa sharaɗi guda: kada ido ya gani. Wanda ya san abin da ke garken kowa ai ya san gidan da za a fara shiga. Sai ya zuba hotunan cikin eksitanal, wani ɗan akwatin ajiya kamar sabulun wanka da ake jona wa kwamfuta, ya kulle shi da kalmar sirri.

Ranar da labari ya zo cewa an kawo shanun da aka ƙwato Batsari, kowa ya je da shaidarsa kafin a watse, mutanen Zakka suka cika ƙofar shagon tun da hantsi. Kawu Ummaru, wanda aka kore wa shanun huɗa, shi ke gaba. A bayansa Jinjiri ne, shugaban 'yan sa-kai, mutumin da suna kawai ya rage masa na yarinta.

Zaharaddeen ya jona eksitanal. 'Yar fitilar ta kama, akwatin ya ɗan yi gurnani. Allo bai nuna komai ba. Wurin da kullum ake tambayarsa kalmar sirri ko ƙyallinsa babu.

Nan ya tuna. Jiya kwamfutar ta ce akwai sabon kanel, wato zuciyar manhajar, ko yana so a sauya? Kun dai san mutumin. Ya danna.

Ya cire waya ya hura ya mayar. Ya sauya kafa. Ya ari wata wayar. Ya kashe ya kunna har kwamfutar ta fara jin jiri. Ya buɗe baƙin allon nan da yake yi mana gadara da shi, ya rubuta, sai ta nuna ta ji an jona wani abu, amma ba ta san mene ne ba.

"Ɗana, lafiya dai?" in ji Kawu Ummaru.

"Lafiya lau, Kawu. Ɗan gyara ne."

Jinjiri ya jingina da ƙyaure, ya yi magana a hankali kamar mai tayin akuya. "Ni abin da ke ba ni mamaki, Malam Zaharaddeen, ranar da ɓarayin nan suka shigo ba su yi ɗimuwa ba. Kai tsaye suka nufi garken Kawu. Halan wani ya nuna masu hoto."

Zaharaddeen ya gane inda maganar ta dosa. A yankin nan, in aka fara kiran mutum ɗan rahoton ɓarayi, ba a cika jiran alƙali ba.

Ya ruga shagon maƙwabcinsa Kamilu ya jona a tasa kwamfutar. Ita kuwa ta ga akwatin sarai, sai dai ba ta san kullen ba, ta ce a wanke shi tas a fara sabo. Kamilu har ya kai hannu.

"Kar ka taɓa," in ji Zaharaddeen, ya fizge wayar.

"To, abin da ba komai ciki, mene ne na tsoron wankewa?" in ji wani daga waje.

Ya hau kan bencin mai shayi yana neman sabis, ya kira Nurain, abokin karatunsa a Katsina. Muryar tana zuwa guntu-guntu. Sabon kanel ɗin, in ji Nurain, bai sauka da ɓangaren da ke buɗe kulle ba, aikin ya tsaya a rabi. Amma tsohon yana nan bai goge ba. Ya kashe, in tana tashi ya tsayar da ita, ya zaɓi tsohon a ƙasan jerin da zai fito.

Ya koma shagonsa. Jinjiri ya ce a juyo da allon waje, kowa ya gani. Ya juya. Ya zaɓi tsohon kanel. Kwamfutar ta yi ta zuba rubutu, sannan ɗan akwatin tambaya ya bayyana. Ya kare da tafin hannu ya rubuta kalmar.

Sai ga bajimin Kawu Ummaru ya cika allo, ga Kawu kusa da shi ya ƙame kamar soja. Bayansa na wani Surajo, bayansa na liman, har da waɗanda aka ɓoye a gidan surukai, duk a gaban 'yan acaɓa da 'yan kallo da wasu fuskokin da ba wanda ya san daga ina suka fito.

Zaharaddeen ya sauke numfashi, ya dubi Jinjiri.

"Ashe dai yana buɗuwa," in ji Jinjiri, "in ka ga dama."

An je Batsari a bayan a-kori-kura. Kawu Ummaru ya dawo da sa ɗaya. Kafin sati ya zagayo kowa ya sauya wa dabbobinsa makwanci, kuma ba wanda ya gaya wa Zaharaddeen inda aka kai su.

Har yau yana buɗe shagonsa. Ko kaza ba a sake kawo masa ya ɗauka ba. In ya je Zakka ya durƙusa gaban dattawa ya soma gaisuwa, kafin ya kai ga tambayar iyali sai su ce "lafiya lau", su ci gaba da kallonsa har ya tashi.